Jambutu: Yadda Ƙananan Halittun Cikin Laka Ke Sauya Gubar Tsofaffin Talabijin Da Kujerun Mota

YOLA: A bayan rumfunan masu gyaran mota da 'yan gwangwan da ke kewaye da tashar motar Jambutu a garin Jimeta, akwai wani irin kaya da ba kasafai yake samun mai saye ba, wato soson tsofaffin kujerun mota da ya dagargaje, da fasassun akwatunan talabijin irin na da masu ƙeya, da kuma ɓawon wayar lantarki da aka zare wa jan ƙarfe.

Baƙin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe suna da farashinsu, ana ɗora su a sikeli a loda su cikin manyan motoci. Shi kuwa wannan ragowar, in bai samu shiga buhun masu sayen roba ba, sai dai a jibge shi a bola, ko a cinna masa wuta, ko kuma a bar wa ruwan damina ya san inda zai kai shi.

Inda ruwan yake kai shi ɗin ba ɓoyayye ba ne, domin unguwar Jambutu tana gab da tafkin Geriyo, wanda ke karɓar ruwan kwatoci daga cikin gari a gefe guda, da kuma ruwan kogin Binuwai idan ya cika ya tumbatsa a ɗaya gefen. A bakin wannan tafki ne Hukumar Raya Kogin Binuwai Ta Sama, mai hedkwata a Yola, take da shirinta na noman rani, inda ake noman shinkafa da masara da kayan lambu da ke ciyar da kasuwannin Jimeta, kuma a cikinsa masunta ke kama tarwaɗa da karfasa.

Abin da ya haɗa bolar da tafkin shi ne wani rukunin sinadarai da masana'antun ƙasashen waje suka yi shekaru suna cuɗawa cikin roba da soso domin su hana su saurin kama wuta. Shekaru ashirin na bincike sun tabbatar da cewa ƙananan halittun da ke cikin laka, waɗanda ido ba ya gani, suna iya taɓa waɗannan sinadarai su sauya musu kama. Sai dai sauyin yakan fara ne da mayar da su wani abu da ya fi saurin shiga jikin kifi da na ɗan Adam, kuma a nan ne maganar ta shafi aljihun ɗan kasuwa.

Asalin kayan

Mafi shahara a cikin wannan rukuni shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan PBDE. Ginin ƙwayarsa ba shi da wuyar fahimta: zobe biyu ne na sinadarin kabon, kowanne mai kusurwa shida, an haɗa su da ƙwayar oksijin guda ɗaya a tsakani, sannan a jikin zobban akwai gurabe goma da ƙwayar wani sinadari mai suna buromin za ta iya zama. Gwargwadon yawan buromin ɗin da kuma gurbin da ya zauna, ana iya samun nau'i har 209, kuma kowane nau'i yana da lambarsa.

A kasuwa dai kashi uku aka riƙa sayarwa. Akwai mai buromin biyar, wanda aka fi zubawa a soson kujeru da katifu da kujerun mota, musamman waɗanda aka ƙera domin kasuwar Amurka kafin ƙarshen 2004. Akwai mai buromin takwas da aka riƙa cuɗawa da robar akwatunan kwamfuta da talabijin, har yakan kai kashi 12 zuwa 18 cikin ɗari na nauyin robar. Sai kuma mai buromin goma, mai lamba 209, wanda ya fi kowanne yawa: a shekarar 2001 duniya ta sha kimanin tan 67,000 na PBDE, kuma wajen tan 56,000 daga ciki na mai goman ne.

Aikin da aka sa su sun yi shi, domin idan wuta ta taɓa robar sai buromin ya fita ya shiga cikin harshen wutar ya dakushe ta, abin da kan ba mutanen gida 'yan daƙiƙoƙi na tserewa. Illar ita ce, ba a ɗaure sinadarin da jikin robar ba, cuɗa shi kawai aka yi kamar yadda ake cuɗa gishiri da gari, saboda haka duk lokacin da robar ta tsufa ko ta sha rana ko ta farfashe, sai ya riƙa fita yana bin ƙura. Ba ya narkewa a ruwa, amma yana son maiƙo, don haka yakan manne wa laka mai ruɓaɓɓen ganye, ya kuma taru a kitsen duk dabbar da ta ci shi.

Duniya ta fara ɗanɗana kuɗar wannan dangi tun a 1973 a jihar Mishigan ta Amurka, lokacin da aka yi kuskuren cuɗa wani ɗan'uwansa mai suna PBB cikin abincin dabbobi, lamarin da ya sa aka hallaka shanu kimanin 30,000 da kaji wajen miliyan ɗaya da rabi. Amma abin da ya tayar da hankalin gwamnatoci game da PBDE kansa shi ne binciken da aka yi a ƙasar Suwidin a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya nuna cewa daga 1972 zuwa 1997 yawansa a cikin nonon mata masu shayarwa yana ninkuwa kusan duk bayan shekara biyar.

Tarayyar Turai ta haramta mai biyar da mai takwas a 2004, kuma a ƙarshen wannan shekara aka daina yin su a Amurka. Yarjejeniyar Istokholm kan gubobi masu daɗewa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta saka su cikin jerin abubuwan da za a kawar a 2009, sannan ta ƙara da mai goma a 2017.

To amma hana ƙera sabo bai kawar da tsoho ba. Kayan da aka ƙera kafin haramcin su ne suka riƙa kwararowa Afirka ta Yamma da sunan kayan Beljiyam da motocin Kwatano. Ƙungiyar Basel Action Network ta ruwaito a 2005 cewa kwantena kimanin 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas a kowane wata, kuma wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel da ke Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da wajen tan 60,000 a shekara, akasarinsu a cushe cikin tsofaffin motoci. Masana na wannan cibiya ta Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Oladele Osibanjo, sun auna ɗaruruwan akwatunan talabijin da na kwamfuta da aka tattara a cikin ƙasar nan, suka kuma tarar da sinadaran buromin a wani kaso mai yawa daga cikinsu. Talabijin ɗin da ya sauka Apapa ya bi ta kasuwar Alaba, ƙarshen tafiyarsa ita ce bolar wani gari kamar Jimeta.

Masu numfashi da guba

A ƙarƙashin ruwan tafki, da zarar an nutsa 'yan santimita kaɗan cikin baƙar laka, babu sauran iskar oksijin. Duk da haka wurin cike yake da rai, domin akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar oksijin, wasunsu ma kashe su yake yi. Kamar yadda ɗan Adam ke ƙona abinci a jikinsa ta hanyar shaƙar oksijin, su ma suna buƙatar wani abin da zai tsaya a madadinsa, sai wasu suka koma ga sinadaran ƙarfe, wasu ga na farar wuta, wasu kuma, abin mamaki, ga sinadarai masu ɗauke da kulorin ko buromin.

Fitacciya a cikin waɗannan na ƙarshe ita ce Dehalococcoides, wadda masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka fara ware ta a 1997, bayan sun lura tana mayar da wani sinadarin wankin tufafi mai guba zuwa iskar da ba ta da lahani. Abincinta iskar haidirojin ce, wadda maƙwabtanta ke fitarwa yayin da suke ruɓar da ganye da sauran tarkace. Idan ta samu ƙwayar PBDE sai ta cizge buromin guda ɗaya ta dasa haidirojin a gurbinsa, kuma daga wannan musaya take samun ƙarfin rayuwa. Buromin ɗin da aka cizge yakan zama wani irin gishiri ya narke a ruwa ba tare da wata illa ba. Makamin da take aikin da shi yana ɗauke da bitamin B12 a tsakiyarsa, wanda ita kanta ba ta iya haɗa shi, sai dai ta karɓa daga wasu ƙwayoyin. Wannan ne ya sa ba a samun ta tana aiki ita kaɗai, sai a cikin taron da kowa ke dogara da wani.

Da a ce tana cizge buromin goman nan a tashi ɗaya, da magana ta ƙare. Ɗaya bayan ɗaya take yi, kuma ba nau'i ɗaya ne ke yin aikin daga farko har ƙarshe ba.

A shekarar 2006 masu bincike uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Jianzhong He da Kristin Robrock da Lisa Alvarez-Cohen, sun wallafa sakamakon da ya zama abin tunawa a wannan fanni. Sun gano cewa wata bakteriya mai suna Sulfurospirillum multivorans tana rage mai buromin goma ya koma mai takwas da mai bakwai, daga nan sai ta tsaya. Ita kuwa Dehalococcoides ba ta taɓa mai goma ba a gwajin nasu, amma da aka ba ta mai takwas sai ta yi ta sauke shi mataki-mataki har zuwa mai biyu. A cikin abubuwan da suka bayyana a tsakani akwai masu lamba 99 da 47, masu buromin biyar da huɗu, wato ainihin nau'o'in da aka haramta tun 2004 saboda su ne suka fi taruwa a jikin mutane.

Ɗan kasuwa zai fi gane lamarin idan ya kwatanta shi da canjin kuɗi. Mai buromin goma kamar takardar Naira dubu ce a hannun mai sayen goron Naira hamsin: tana da nauyi, ba ta saurin wucewa daga hannu zuwa hannu, domin ƙwayar tana da girma, hanjin dabba ba ya tsotse ta da yawa, akasari tana kwance ne a laka. Da bakteriya ta farfasa ta zuwa canji, sai ta samu ƙafa. Mai huɗu da mai biyar suna ratsa jikin tsutsa da ƙananan halittun ruwa cikin sauƙi, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babban kifi ya ci ƙarami, kuma a kowane mataki adadin yana ƙaruwa, har ya iso kan tiren mai sayar da banda. Shekaru da dama masana'antu suna kare mai goma da hujjar cewa ba ya motsi, kuma binciken da ya nuna yana rikiɗewa zuwa ƙannensa, a cikin laka da cikin hasken rana har ma da cikin jikin kifi, yana daga cikin manyan dalilan da suka sa aka haramta shi a 2017.

Sannan kuma aikin ba na gaggawa ba ne. Masana a ƙasar Suwizalan sun ajiye mai goma cikin dagwalon masana'antar tace ruwan bahaya a 2005, wurin da ƙwayoyin bakteriya suka fi yawa da kuzari, amma bayan kwana 238 kashi 30 cikin ɗari kawai ya ragu, suka kuma ƙiyasta cewa sai an yi wajen kwana 700 kafin rabinsa ya sauya. A cikin lakar tafki ta gaskiya, wani gwaji na Jami'ar Purdue da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa rabin zai ɗauki fiye da shekara goma. Abin da aka zubar a kwata a bana, yaron da aka haifa a bana zai gama makarantar firamare bai kai rabin tafiyarsa ba.

Akwai dai labari mai daɗi daga ƙasar Singafo, inda shi Jianzhong He ya koma ya kafa ɗakin bincikensa. A 2011 ayarinsa ya samu wani haɗin Dehalococcoides da wata bakteriya mai suna Desulfovibrio wanda ya cizge dukkan buromin da ke jikin mai huɗu da mai biyar cikin kimanin mako biyu, ya bar zobban nan biyu tsirara. Wannan ragowar sanannen abu ne da masu yin sabulu ke amfani da shi domin ƙamshi, kuma ƙwayoyin ƙasa suna cinye shi ba da wahala ba. Amma an yi wannan ne a cikin kwalba, da zaɓaɓɓun ƙwayoyi da abincin da aka auna musu.

Idan laka ta bushe

Kashi na biyu na aikin yana hannun wasu ƙwayoyin dabam, masu shaƙar oksijin, waɗanda ke zaune a saman ƙasa da gindin tsirrai. Su ba cizge buromin suke yi ba, zoben kansa suke kai wa hari: sai su cusa masa ƙwayoyin oksijin biyu, ya raunana, ya tsage, daga nan su cinye shi ya koma iskar kabon da ruwa. Tun a 1992 masana a Hambug ta Jamus suka ware wata Sphingomonas mai wannan aiki, sannan a 2009 ayarin Berkeley ya nuna cewa wasu ƙwayoyi biyu da aka sani da cin gubar man taransifoma, Rhodococcus jostii da Burkholderia xenovorans, suna iya sarrafa PBDE daga mai ɗaya har zuwa mai biyar. Wasu nau'o'in funfuna masu ruɓar da itace su ma an same su da irin wannan baiwa.

Iyakarsu ita ce, idan buromin ya cika gurabe babu inda oksijin zai kama, don haka mai takwas da mai goma sun fi ƙarfin yawancinsu. Ke nan kowane ɓangare yana iya abin da ɗan'uwansa ba ya iyawa: na cikin laka su sassabe, na sama su nome. Kawar da gubar gaba ɗaya tana buƙatar a bi ta hannun na farko sannan a miƙa wa na biyu.

A nan ma akwai tarko. Idan masu shaƙar oksijin suka fara aikin ba su kammala ba, sukan bar ƙwayar da ɗan kunnen oksijin da haidirojin a jikinta, kuma wannan siffa ta yi kama ƙwarai da sinadarin da halittar nan ta wuya ke fitarwa, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Jiki yakan ruɗe ya ɗauke ta a matsayin nasa, ta tare gurbin na gaskiya a cikin jini. Da yake wannan sinadari ne ke jagorantar ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da jariri, a nan ne likitoci suka fi nuna damuwa, kuma bincike a Amurka ya danganta yawan PBDE a jinin mata masu ciki da raguwar kaifin fahimtar 'ya'yansu.

Irin wannan rikiɗa ba ta tsaya ga PBDE ba. Sinadarin TBBPA da ke cikin faifan na'urorin lantarki, masana a Isra'ila sun nuna a shekarar 2000 cewa ƙwayoyin laka suna cizge masa buromin huɗunsa ya koma Bisphenol A, wanda shi ma ƙasashe da dama sun hana sa shi a kwalaben shayar da jarirai, kuma sai ya samu iska sannan wasu ƙwayoyin su ƙarasa shi.

Idan aka dawo da wannan bayani bakin Geriyo, za a ga cewa fadamar tana da yanayin nan biyu a cikin shekara guda. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ruwa yakan shafe ta, musamman a shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru kamar 2012 da 2022, lokacin da ambaliya ta shiga unguwannin bakin kogi ta kwashe bola da duk abin da ke cikinta. Bayan janyewar ruwa ƙasa takan bushe ta tsattsage, iska ta shiga. Fagen shinkafar rani kuwa kusan kowane mako yana sauyawa tsakanin jiƙa da bushewa. Zafin Yola, wanda kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana sa laka ta zauna da ɗumin da ƙwayoyin ke so a mafi yawan shekara, saɓanin tafkunan Turai da sanyi ke daskarar da aikinsu wata da watanni.

Wannan zai iya sa mutum ya yi zaton cewa fadamar za ta wanke kanta, amma akwai abubuwa uku da ke rage wannan fata. Takin zamani mai sinadarin naitiret yana ba ƙwayoyin laka abin numfashi mafi sauƙi, don haka masu cizge buromin sukan rasa haidirojin a hannun abokan gasa. Tokar bola da baƙin gawayin roba suna riƙe PBDE gam, ta yadda ƙwayoyin ba sa kai wa gare shi. Haka nan darma da jan ƙarfe da ke tare da tarkacen lantarki guba ne ga ƙwayoyin kansu. A kudancin ƙasar Sin, a kewayen garin Guiyu da makamantansa inda aka yi shekaru ana fasa tsofaffin kayan lantarki kusa da gonakin shinkafa masu irin wannan jiƙa da bushewa, an samu PBDE a ƙasar gona da cikin shinkafa da kifi da ƙwan agwagi, duk da cewa ƙwayoyin suna nan suna aikinsu.

Ƙonawa kuwa ita ce mafi muni, domin wutar bola ba ta da zafin da zai rusa sinadarin, sai dai ta haɗe zobbansa su zama dayoksin mai buromin, gubar da ta fi ta asali haɗari nesa ba kusa ba, kuma wadda ƙwayoyin ƙasa suka fi shan wahalar taɓawa. Ƙwan kajin gida da aka auna a 2019 daga unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, inda aka daɗe ana ƙona waya kafin a rushe wurin a 2021, ya nuna adadin wannan guba da ke cikin mafi yawa da aka taɓa samu a ƙwai.

Lissafin ɗan kasuwa

Masu fataucin abinci ba su manta da abin da ya faru a 2015 ba, sa'ad da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Haramcin bai bambanta buhun mai gaskiya da na mai ha'inci ba, duk wanda ke harkar ya sha asara. Duk mai burin kai banda ko shinkafa ko kayan lambu daga kwarin Binuwai zuwa manyan kantuna ko ƙetare, ya san cewa na'urorin awo na masu saye suna ƙara kaifi, kuma jerin abubuwan da suke nema yana ƙara tsawo.

Masu narka roba su ma abin ya shafe su kai tsaye. Baƙar robar akwatin talabijin da aka niƙa aka cuɗa da sauran roba, takan dawo kasuwa a siffar ludayi ko matajin kai ko kayan wasan yara. Ƙungiyar IPEN ta auna kayan wasan yara daga ƙasashe 26 a 2017, ciki har da Nijeriya, ta kuma samu mai takwas da mai goma a akasarinsu. Dokar Turai kan kayan lantarki ta ƙayyade kada PBDE ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, alhali akwatin talabijin guda ɗaya yana iya ɗauke da ninkin wannan fiye da ɗari, wato ya isa ya ɓata robar da ta ninka nauyinsa sau ɗari.

Ta fuskar doka, tun bayan badaƙalar garin Koko ta 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya, Nijeriya take da dokar hana shigo da sharar guba. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin sashen kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, kuma sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya nauyin tattara su idan sun mutu. Ƙungiyar EPRON da kamfanoni suka kafa a 2018 ita ce ke tattara kuɗin wannan aiki, sai dai yawancin cibiyoyin tattarawa da masana'antun da aka yi wa rajista suna Legas da kewayenta, tazarar da ta haura kilomita dubu daga Jimeta.

Sayar da ƙwayoyin bakteriya domin wanke ƙasa sana'a ce da ta kafu a Amurka da Kanada, inda ake ɗura haɗin Dehalococcoides, irin su KB-1 da aka samar a Jami'ar Toronto, cikin rijiyoyin da sinadarai masu kulorin suka gurɓata. Amma game da PBDE aikin bai fita daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa ba tukuna, don haka duk wanda ya zo da jarka yana tallar maganin da zai narkar da gubar bola cikin mako guda, ya kamata a nemi ya nuna sakamakon awon kowane nau'i, ba na mai goma kaɗai ba. Raguwar mai lamba 209 a takardar awo tana iya nufin cewa mai lamba 47 ne ya ƙaru. Wannan ma shi ne abin da ya dace a nema idan Jami'ar Modibbo Adama ko hukumar kogin za su ɗebi lakar Geriyo da kitsen tarwaɗarta domin awo, tunda rabon manyan nau'o'i da ƙanana ne ke nuna nisan da ƙwayoyin suka kai.

Mataki mafi arha yana bakin sikelin ɗan gwangwan, kafin kayan su isa kwata. Robar da aka cuɗa da buromin ta fi 'yar'uwarta nauyi, saboda haka masana'antun Turai suna rarrabe su da ruwan gishiri wanda lita ɗaya tasa ta kai nauyin kimanin kilo 1.1: mai tsabta ta taso sama, mai buromin ta nutse. Akwai kuma na'urar hannu mai haska roba ta nuna yawan buromin cikin 'yan daƙiƙoƙi, wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Robar da ta taso tana da daraja fiye da cakuɗaɗɗiya a wurin masana'antun Kano masu yin buta da bokiti. Wadda ta nutse, tare da soson motocin da aka ƙera kafin 2005, wurinta busasshen ɗaki mai rufi da daɓen siminti, nesa da hanyar ruwa, har a samu inda za a ƙona ta yadda ya kamata.

Ƙa'idojin Yarjejeniyar Basel sun amince da murhun masana'antar siminti, mai zafin da ya kai digiri 1,450, a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin rusa irin wannan shara, muddin an samu izinin hukuma da na'urorin tace hayaƙi. Masana'antar siminti ta Ashaka tana jihar Gombe, maƙwabciyar Adamawa, jihar da motocin 'yan gwangwan na Jambutu suke ratsawa idan sun bi ta Numan zuwa Kano.